Mu Uku Ake Kira Audi

Ranar kasuwar da ta wuce ina tsaye a tashar Dakoro ina jiran motar Maradi, sai na ji wata mace ta ƙwala kira a bayana: "Audi! Audi!" Ban san lokacin da na juya na ce na'am ba, ni da furfurata. Ashe ba da ni take ba. Wani yaro ne da bai wuce shekara uku ba, tumbi a gaba, ya nufi ƙarƙashin mota yana bin ɗan akuya. Ta cafko shi ta saɓa a kafaɗa. Na dube ta, yarinya ce ɗanya shakaf, sai tausayi ya kama ni. Na matsa kusa na ce mata, "Allah ya jiƙan ubansa, ya raya miki shi."

Ta ja da baya ta dafe ƙirji. "Subhanallahi! Baba, wace irin magana ce wagga? Ubanshi ga shi can bisa mota yana ɗaurin kaya!"

Na ɗaga kai, ga ƙato kuwa lafiyayye yana jan igiya yana zufa. Kunya ta rufe ni, na yi ta ba ta haƙuri. Da ta huce na tambaye ta yadda aka yi yaron ya samu sunan. Ta ce daɗinsa ta ji a baki, ga shi gajere, kuma a unguwarsu ma akwai wasu biyu. Na riƙe baki. Har motar ta cika muka tashi ban daina mamaki ba.

Kai mai karatu, in kana cikin 'yan yanzu, bari in gaya maka abin da ya sa na yi wannan katoɓara. A wurinmu Audi ba suna ba ne da uwa ke zaɓa don daɗinsa. Sunan yanka daban yake, shi liman ke faɗa ranar bakwai. Audi laƙabi ne da ke zuwa da kansa, yadda Tanko ke zuwa ga wanda ya biyo bayan 'yan mata, Nomau kuma ga wanda aka haifa ana tsakiyar noma. Audi shi ne yaron da ya zo duniya ya tarar ubansa ya riga ya bar ta. Yanzu na san haka. Amma shekara goma sha biyu na yi ina amsa sunan nan da ƙarfina, ban san abin da nake amsawa ba.

Ƙauyenmu yana gabas da Birnin Lalle, ƙarami ne, in ka tsaya a bakin masallaci kana iya ƙirga rumbunan kowane gida. A wannan ɗan garin mu uku ake kira Audi, kuma duk a damina ɗaya aka haife mu. Akwai Audin maƙera, gajere mai faɗin kafaɗa, wanda kakansa ke riƙo. Akwai Audin gidan liman, siriri marar son magana, wanda uwarsa ta yi aure a Sabon Maci ta bar shi wurin gwaggonsa. Sai ni, Audi babba, don na girme su da 'yan kwanaki. In wata tsohuwa ta leƙo ta kan danga ta kira sunan, mu uku muke juyawa, sai ta nuna wanda take so da muciya.

Wata rana na tambayi Kaka, uwar Babana, abin da ya sa sunana ya yi yawa haka. Tana tsinkar zogale a faranti, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Kai aka hwara haihuwa. Da mata suka zo barka suka ga kyanka, sai kowa ta ce ita ma irin sunanka take so." Ni kuwa na ɗauki maganar nan na rungume. Na riƙa gaya wa sauran biyun cewa aron sunana suka yi, in na ga dama sai in karɓe abina. Kai, na yi iyayi a duniya. Har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse.

Na san su biyun ba su da uba. Kowa ya sani. Ni kuwa ina da Baba, kuma ba ƙaramin uba ba. Dogo ne baƙi, marar hayaniya, manomin gero da wake. Ni kaɗai ne namiji a gidansa, ƙannena huɗu duk mata. Tun ban kai tsawon hauya ba ya sa maƙeri ya yi mini 'yar ƙarama. In za mu gona shi ke aza ni kan jaki ya bi a ƙasa. In an dama fura, sai na sha na ture sannan ya ɗauki ludayi. A tafin hannuwansa biyu akwai wani tabo fari mai sheƙi, ya ratsa daga gefe zuwa gefe, fatar wurin ba ta lanƙwasuwa sosai. Ina son in riƙa bin tabon da yatsa in muna hutawa a inuwar gawo. Na taɓa tambayarsa, ya ce igiya ce. Ban ƙara tambaya ba, don a ƙasarmu ta dogayen rijiyoyi kowa igiya ta taɓa cin hannunsa.

A yamma da gari, bayan turken shanun maigari, akwai wani ɗan kwari da wata magarya ta tsiro a tsakiyarsa. Ba a noma wurin, ba a ɗaure dabba. Magaryar nan ta fi kowace zaƙi a garin, ko don an hana mu ne muke jin haka, oho. Da kaka ta yi, 'ya'yan suka yi ja, sai mu sulale mu cika aljihu. In tsofaffi suka gan mu, sauran yara tsawa kawai ake yi musu, amma mu uku har gida ake bin mu da faɗa. Na taɓa kawo wa Kaka cike da hula don in burge ta. Ta dubi magaryar, ta tambaye ni inda na samo. Da na faɗa, sai ta tashi ta shige ɗaki ta bar ni tsaye da hula a hannu. Na ɗauka haƙoranta ne ba sa iyawa.

A gindin magaryar nan na yi abin da ya fi kome ci mini rai a ƙuruciyata. Mun yi faɗa da Audin maƙera a kan reshen da ya fi nuna, ya kayar da ni, ya cika mini baki da ƙasa. Da na rasa abin ramawa sai na ce masa, "Marar uba kawai! Bari Babana ya zo." Ya sake ni ya miƙe. Ya buɗe baki zai yi magana, na ga maganar ta zo masa har leɓe, sai ya dubi Audin gidan liman, shi kuma ya girgiza masa kai. Ya haɗiye. Ya karkaɗe rigarsa ya tafi. Yaro ɗan shekara tara, an zage shi da abin da ya fi zafi, yana riƙe da amsar da za ta kashe ni a tsaye, ya tafi da ita gida. Ni kuwa a lokacin cewa na yi tsoro ya ji.

Ranar da aka ɗauke mu lakwal, wato makarantar boko, Baba yana gona. Ɗan aiken maigari ne ya tattara mu ya kai gaban mushe, malamin da aka turo mana daga Maradi. Mushe yana tambayar kowane yaro sunansa da na ubansa yana rubutawa a babban kaye, littafin sunayen 'yan makaranta. Da aka zo kaina na faɗi sunan yankana, na faɗi na Baba da ƙarfi don kowa ya ji. Haka aka rubuta, haka aka yi ta kirana shekara shida. Sai da muka kai ajin ƙarshe darekta ya ce ba mai zama jarrabawar sartifika sai da takardar haihuwa. Mu kuwa a ɗaki aka haife mu, ba mai takarda. Dole kowane uba ya kai ɗansa Dakoro gaban alƙali, da shaidu biyu, a yi masa.

Na lura tun da aka faɗi maganar nan Baba ya canza. Ya rage cin abinci. Sau biyu na tarar da shi da Inna, mahaifiyata, suna magana ƙasa-ƙasa a bayan rumbu, da sun gan ni sai su yi shiru. Ni duk ban damu ba, murnar zuwa Dakoro ta cika mini ciki, don ban taɓa zuwa ba.

Bazara ce, zafi kamar ya dafa mutum. Muka tafi a amalanken maigari, mu uku da manyanmu. Na ga gidajen siminti, na ga mai sayar da ƙanƙara, na ga Buzaye da raƙumansu a bakin kasuwa. Muka zauna a inuwar bedi a gaban biro, wato ofishin alƙali, har rana ta take tsaka. Aka fara kiran Audin maƙera da kakansa, sai na gidan liman. Sannan mu.

Ɗakin yana warin tsohuwar takarda. Alƙali na zaune can ciki, sakatarensa kuma a gaban keken rubutu, da takardar da darekta ya aiko mai sunayenmu. Sakataren ya karanta sunana da na Baba, ya ce, "Kai ne uban?" Ya riga ya ɗora yatsu zai buga.

Baba ya ce, "A dakata."

Ya cire hularsa ya riƙe da hannu biyu. Ban taɓa ganin kansa a buɗe gaban baƙi ba. Ya ce, "Ba sunana za a sa ba. Sunan wana za a sa." Ya faɗi wani suna da ban taɓa ji a gidanmu ba.

Na ɗauka zafi ne ya taɓa shi. Na ja gefen rigarsa na ce, "Baba, sunanka suke tambaya." Bai dube ni ba.

Sakataren ya duba takarda ya duba Baba. Mutum ne mai sauƙin kai, ga layi a waje, ga zafi. Ya ce, "Malam, a lakwal sunanka ke rubuce shekara shida. In muka canza yanzu sai an gyara takardu da yawa. Kai ka riƙe shi, ko ba haka ba? A bar shi hakanan, ba wanda zai tambaya."

Maigari da ke tsaye a matsayin shaida ya sunkuyar da kai. Kalma ɗaya Baba zai faɗa, ko ma ya yi shiru kawai, in zama nasa a takarda har abada, ni kuma in koma gida da iyayina yadda na zo. Sai ya ce, "Ni na riƙe shi, amma ba ni na haihe shi ba. Wana bai bar gona ba, bai bar ko akuya ba. Yaron ga kaɗai ya bari. In na ɗauke mishi shi, mi zan ce mishi gobe?"

Keken rubutu ya fara ƙara. Kowane harafi ina jin sa a cikin kaina. Sakataren ya tambaya, "Uban yana raye?" Baba ya ce, "Ya rasu." "Yaushe?" "Wata uku kahin a haihi yaron." Sai sakataren ya ɗago ya dube ni, ya ce a hankali, "Shi ya sa na ji kuna ce mishi Audi. Allah ya jiƙan rai."

Ban yi kuka ba. Na dai zauna a ƙasa a gaban alƙali, ba wanda ya ce in tashi. Abin da ya fara zuwa mini ba uban da na rasa ba ne, don ban san shi ba. Fuskar Audin maƙera ce a gindin magarya, da bakinsa a buɗe. Da muka fito na tarar da su biyun a inuwar bedi. Suka dube ni, suka kau da kai. A nan na gane sun sani. Matan da ke ba ni ƙuli-ƙuli a hanya sun sani, mai kiran salla ya sani, ƙila har jakinmu ya sani. Sunana da kansa yana shelar abin safe da yamma a bakin kowa, ni kaɗai ne kurma a garin.

Washegari da hantsi Kaka ta kira ni ɗakinta ta ba ni sauran. A bazarar shekarar da aka haife mu ruwan tsohuwar rijiyar gari ya ja baya, aka ce a yashe ta. Rijiyar mai zurfi ce ƙwarai, ta zamanin da, da itace aka tokare bangonta. Samari masu ƙarfi ake saukarwa irin wannan aiki, kuma samarin garin masu ƙarfi a lokacin su ne waɗanda aka yi wa aure bayan girbin da ya wuce. Biyar suka sauka, biyu a ƙasa suna cika guga da laka, uku suna gyaran itacen bango. Baba, yana saurayi, shi ke riƙe da igiyar wansa a sama. Rairayi ya zabtaro daga tsakiya, rijiyar ta rufta gaba ɗaya. Igiyar ta fizge, shi kuma ya ƙi saki, ta zare ta cikin hannunsa ta tafi da fatar. Kwana uku gari na tono, ana kwashewa rairayi na komawa, har liman ya ce a bari kada a ƙara wasu a kai. Aka yi musu salla a bakin ramin, aka cike shi. Huɗu cikin matansu na da ciki. Ɗaya ta haifi mace, uku suka haifi maza.

Na ce, "Ina rijiyar take?"

Ta ce, "Inda kake ɗebo mini magarya."

Na fita da gudu bayan ɗaki na yi ta amai, alhali ban ci kome ba tun jiya.

Kaka ta ce da Inna ta yaye ni, Baba ya je ya ce shi zai aure ta, don kada a kai ni wani gida in zama agola. Shi ne kuma ya bi gari gida-gida yana roƙo kada wani ya gaya mini, sai na yi hankali. Laƙabin ne kawai ya kasa hanawa, don tsofaffin mata sun riga sun sa tun ranar da na faɗo, kuma ba a karɓe irin wannan suna daga bakinsu. Na tambaye ta don me ta ce mini kyauna aka gani. Ta ce, "To mi zan ce maka? Kuma ai ba ka da muni."

Daga ranar na daina kiran Baba da kowane suna. In zan ba shi abu sai in miƙa kawai. In ya kira ni sai in zo in tsaya. Fushi nake, ban kuma san da wa nake yi ba. Shi kuwa bai fasa ajiye mini fura ba. Da ruwan farko ya sauka muka fita shuka, yana gaba yana sara da sungumi ina biye ina zuba iri ina rufewa da ƙafa. A hanyar komawa sai ya ratse yamma, na bi shi. Ya tsaya a bakin kwarin, ya cire takalmi. Ya ce, "Ga wana nan. Ya hi ni kyau, ya hi ni ƙarhi, ya hi ni son dariya. Kai ka biyo shi wajen surutu. Ka riƙa yi mishi addu'a." Muka ɗaga hannu. Da muka shafa ya ce, "Ni kuma ka kira ni abin da ka ga dama, ko kada ka kira. Ba don kira na yi ba."

Ban iya tuna ranar da na koma ce masa Baba ba. Bakina ne ya koma da kansa wajen girbi, kuma duk muka yi kamar ba mu lura ba. Audin maƙera kuwa na same shi a maƙera na ba shi haƙuri, ya ce shi ya manta, ya sa ni zuga har la'asar.

Yau garin ya canza. An yi famfo mai aiki da hasken rana, yaran yanzu ba su san nauyin guga ba. A likita ake haihuwa, takarda na fitowa kafin a yanka rago, suna kuma a salula ake nemo shi, a zaɓi wanda ya fi daɗin faɗa. Ban ce laifi ba ne. Sai dai a da, in ka ji sunan mutum ka ji rabin labarinsa, ka san inda za ka taka a hankali.

Na yi karatu, na zama mushe ni ma, na yi aure a Dakoro. Da matata ta haifi ɗanmu na fari, namiji, na tafi ƙauye na sami Baba, ya tsufa, idonsa ya fara rauni. Na ce masa na yanke shawara sunansa zan sa wa yaron. Duk 'ya'yansa mata ne, jikokinsa maza kuma dangin ubanninsu ke raɗa musu suna, ba wanda ya taɓa yi masa takwara. Ya yi murmushi har na ga gibinsa, ya ce Allah ya yi albarka. A al'adarmu babba a gida shi ke raɗa wa liman sunan a kunne ranar bakwai, don haka na sa aka ɗauko shi a mota.

Da safe aka taru, aka raba goro. Baba ya sunkuya ya yi wa liman raɗa. Liman ya ɗaga murya ya faɗi sunan, maroƙi ya karɓa ya kai wa mata cikin gida. Ba sunan Baba ba ne. Sunan nan ne da na fara ji a gaban alƙali. Daga cikin gida na jiyo Inna ta fashe da kuka maimakon guɗa.

Na matsa kusa da shi raina a ɓace, na ce, "Baba, ba haka muka yi da kai ba."

Ya kama hannuna ya ce, "Ni ana kirana kullum, ina amsawa. Shi shekara talatin ba wanda ya kira shi. Ka bari na gaba, in Allah ya kawo, sai ka sa nawa."

Na gaba mace ce. Ta bayanta ma mace, haka har huɗu. Baba ya rasu ana goyon ta ukun, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa tuna mini alkawarin ba. Yanzu matata ta daina haihuwa. Sunansa ba ya kan takardata, ba ya kan ɗana.